Inuwa Ba Duhu Ba Ce

Zuwa ga Babban Likitan asibitin ƙetare da ya yi wa mijina aikin haske,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka. Sunana Hannatu, matar Ishaya magini, daga wani ƙauye kusa da Galma, cikin yankin Madawa. Na roƙi fastonmu ya juya maka wannan takarda zuwa Faransanci, ya kuma karanta ta a majami'a, don kada abin da ya same mu ya samu wani gida.

Ka san mijina. Ciwon daji ya kama shi a hanyar da abinci ke bi, har tuwo ya gagare shi. 'Yan'uwa masu bi suka kai shi wurinku bayan an karya darajar kuɗinmu na sefa, lokacin da ko zuwa Yamai ya fi ƙarfinmu. Kuka yi masa allurar da ke sa nama ya ji haske, kuka zura siririyar igiya mai fitila cikin maƙoshinsa don ta ƙone ciwon. Mun gode. Amma ina da kuka biyu.

Na farko. Kun ce masa ya guji rana, wanda ya yi masa tafinta ma haka ya faɗa. To ranka ya daɗe, a nan ƙasarmu ta Adar gudun rana shi ne shiga inuwa. Ya sauka cikin bazara, gari duka ya zo yi masa barka da dawowa, masu bi da maƙwabtanmu Musulmi. Magidanci kuwa ba ya karɓar maza a ɗakin matarsa. Ya zauna ƙarƙashin rumfar karan gero tun hantsi, yana amsa gaisuwa, yana murna ya bi umarnin likita. Kafin la'asar fuskarsa ta kumbura, idanu suka rufe, bayan hannuwansa ya yi ƙuraje duk inda haske ya ratso tsakanin kara. Wallahi ban gane shi ba. Babu wanda ya ce mana duhu ake nufi, ɗaki a rufe, taga a toshe.

Na biyu, shi ne ya fi ba ni tsoro. Lokotoro, wato likitan da ya duba shi a nan, ya bayyana mana cewa fitilar ba ta tsaya tsakiya ba. Ta jingina gefe guda ta ƙone shi fiye da kima, wurin ya warke ya tsuke, ɗaya gefen kuwa haske bai kai shi sosai ba, ciwon yana nan. Da ya dawo yana cin tuwo mai laushi. Daga baya sai fura. Yanzu furar ma sai na tace ta, ina ba shi da cokali, ina kallon wuyansa in ga ko ta wuce. Jiya ta dawo masa ta hanci, ya juya fuska bango don kada yara su gani.

Ga shi kun aiko a maido shi a sake aikin. Ya ce ba zai ɗaga ƙafa ba sai abin da na ce. In na ce ya zauna, yunwa za ta kashe shi a gabana. In na ce ya tafi, ina tsoron sauran 'yar ƙofar da ta rage ta rufe.

Don haka ina roƙo. Ka faɗa mini gaskiya, kun samu dabarar riƙe fitilar a tsakiya, haske ya bazu daidai ko'ina? In ba ku samu ba, ka ce ba ku samu ba. Kuma duk mutumin ƙasarmu da ya zo hannunku, ku ce masa duhu, kada ku ce inuwa.

Ubangiji ya ba ka hikima, ya tsare hannunka daga kuskure, ya albarkaci gidanka. Ka amsa da wuri, don Allah, tun cokalin furar yana wucewa.

Wassalam.
Hannatu, matar Ishaya