Ranar Haihuwar da Na Ƙaga wa Makcik Rohani

Talata. Aikin farko: wasiƙar nan, kafin na ɗora girki.

Zuwa ga Shugaban manhajar haɗa masu sana'ar hannu da masu neman su,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Sunana Hajara, 'yar Najeriya, na biyo mijina da ke karatu a nan ƙasarku, muna zaune a unguwar Cheras. A sakandare na tsaya, shi zai mayar maka da wannan Turanci. Ina magana ne a kan maƙwabciyata Makcik Rohani, wato Inna Rohani, dattijuwar tela, wadda kuka rufe wa shafi ranar Alhamis bisa zargin ƙarya.

1. Ta daɗe tana ɗinki a wani shago a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman har aka rufe shi. Hannunta bai manta aiki ba, ƙananan rubutun manhajarku ne suka gagare ta. Ni ta miƙa wa waya na yi mata rajista.

2. Da na iso gurbin ranar haihuwa, na kasa tambayarta. A wurinmu ba a tambayar sa'ar uwa shekarunta. Sai na yi abin da muke yi a gida idan ba a san rana ba: na sa ɗaya ga Janairu, na kintaci shekara. Gaskiya har ragewa na yi, don tsoron kada a tsallake tsohuwa. Ban san lambar katin shaidarku da ranar haihuwa take farawa ba.

3. Mako uku tana samun aiki. Da kuka nemi hoton katin, aka rufe nan take. Sau huɗu na kira, na'ura ce ke amsawa.

Jiya ta kawo mini ayaba soyayya, ta ce, "Bar shi kawai, Hajara, ba sa son tsofaffi ne." Na karɓa, na yi godiya, ban gaya mata laifina ne ba.

Wataƙila ban isa in ba ku shawara ba, amma ina roƙo: ku buɗe mata, ƙaryar tawa ce. Ku ƙara girman rubutu. Ku sa mutum mai rai ya saurari dattawa kafin a kore su.

Allah Ya yi maka jagora, Ya nuna maka tsufa cikin mutunci.

Wassalam,
Hajara

Gobe:
- guga
- cefane
- sake kiran ofishinsu
- ƙwanƙwasa ƙofarta, in gaya mata ni ce