Kada Motar Noma Ta Hau Sauran Tudun Giginya

Zuwa ga Shugaban Babbar Makarantar Koyon Aikin Gona. Ranka ya daɗe, gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da malamanka da ɗalibanka.

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a wani ƙauye kusa da Diggi, cikin ƙasar Gwandu. Na ji an karanta sabon shirinku na raya ƙauyuka a ƙofar hakimi a Kalgo: za ku faɗaɗa gonar gwajin shinkafa, ku koya wa samarinmu noman zamani, ku yi mana hanya zuwa kasuwa. Shiri mai kyau, ban musa ba. Sai dai ga abin da ba a gaya muku ba.

Na ɗaya. Tudun da kuka fara huɗawa bara a bakin fadamarmu, wanda muke kira Tudun Giginya, makabarta ce. Shekarar sanƙarau, da mutuwa ta yi yawa har masu haƙa suka gaji, can muka riƙa kai mutanenmu, nesa da gari. Mu ba mu kafa dutse ko rubutu a kan kabari. Fasassun tukwane muke jerawa, in damina ta wuce ciyawa ta rufe. Malamanku sun zo da rani, sun ga fili babu kunya babu shuka, suka kafa turakunsu.

Na biyu. Za ku ce kun yi shawara da mutane. Gaskiya ne, kun tara mu gaban hakimi, ina wurin. Amma ranka ya daɗe, baƙon da hakimi ya shimfiɗa wa tabarma, wane talaka ne zai miƙe ya ce masa a'a? Duk abin da malaminku ya faɗa, Allah ya ba ka nasara muka amsa. Shi kuwa ya koma yana murna, wai ƙauyen nan babu mai gardama.

Ranar da motar noma ta hau tudun, ba ta yi nisa ba ƙasusuwa suka fara fitowa. Direban, bawan Allah, ya sauko, ya ce shi ba a gaya masa ba. Muka bi huɗar da ƙwarya muna tsincewa, ba mu san na wane muke haɗawa da na wane ba. Muka haƙa rami ɗaya muka zuba. Shinkafa ta yi kyau a wurin, kyau irin wanda ban taɓa gani ba, kuma har yau babu gidan da ya dafa ta a garinmu. Ni yanzu ko kukan mota na ji daga hanyar Kalgo sai in fita in leƙa tudun.

Na uku, kuma shi ne dalilin wannan takarda. Rabin tudun bai huɗu ba. Cikin watan jiya ɗalibanku sun dawo sun kafa sababbin turaku a sauran, har gindin giginyar. 'Yata ta fari tana nan gabas da giginyar, ni na sa ta da hannuna. Ba ta kai aure ba, ta dai fara kai mini abinci gona.

Kuna iya tambaya me ya hana ni magana tun farko. A wurinmu mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya nuna shi cikin taro, ba ya kuka a kansa gaban mutane. Tana da rai ban taɓa kiran ta da sunanta ba, sai dai in ce ke. Uwarta ma haka. Tun da aka kafa turakun nan uwar ta mai da turminta bayan ɗaki, inda ake hango tudun, tana daka tana kallon can. Ba ta ce mini komai ba, ni ma ban ce mata ba. Abin yana cin mu ƙwarai.

Saboda haka ina roƙon a cire turakun kafin ruwan fari ya sauka, a bar mu mu kewaye wurin da ƙaya. Fadama tana da faɗi, za mu nuna muku inda babu kowa a ƙasa. In kuma za ku sake shawara da wani ƙauye, ku aika a zauna da liman da tsofaffin mata cikin zaure, ba gaban hakimi ba.

Allah ya ƙara maka girma, ya sa aikinku ya amfani talakawa, ya jiƙan naka da suka riga mu.

Na san a ofis ba a tsai da aiki don wanda ba shi da suna. To, ga shi, a rubuta cikin shirinku, Allah ya yafe mini rashin kunya: sunanta Hauwa'u Kulu.

Wassalam, naka mai biyayya,
Garba Magaji.