Teku a Tsakar Gidanmu

Tamanrasset, ranar Lahadi

Zuwa ga maigidana Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Yaya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi. A gaishe min da mutanen Damagaram baki ɗaya. Mu ma lafiya lau, sai tsoro da ya hana ni sakat. Ban so wannan magana ta bi ta waya ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san da girma na koye shi. Ja'afar direba zai kawo maka.

Maganar ɗanka ce. Wani Balarabe da ke gina gidan abinci ya ba shi aikin da ba irin gyaran robine, wato famfon ruwa, da ya saba ba. Wai akwatin gilashi za a kafa, a cika shi da ruwan gishiri, a zuba kifayen teku da murjani mai rai. Ni dai murjanin da na sani na wuya ne, ban san yana da rai ba. Ginin bai samu ƙofa ba tukuna, sai aka jibge kayan a tsakar gidanmu, Balaraben kuma ya yi tafiya zuwa birnin Wahran.

Kullum da yamma yana durƙushe yana zane a ƙasa, yana yi wa ƙanwarsa Rakiyatu bayani, ni ina tankaɗe ina saurare. Wai akwati biyu ne, babba a sama, ƙarami a ƙarƙashinsa. Ruwa zai tumbatsa ta wata huda, ya gangaro ta tiyo, ya ratsa soso da duwatsu da gawayi, sannan pompo ya mayar da shi sama a tace. Abin da ya fi damunsa shi ne in aka ɗauke kuran, wato lantarki, kada ruwan sama ya sauko ya fi ƙarfin ƙaramin ya malale. Rakiyatu tana tsokanarsa wai kifi ya fi mu gata, mu da tsumma muke tace namu.

Jiya maƙwabciyarmu Talatu ta shigo aron rariya. Da ta ga tano-tano, gangunan ruwa, da pompo, da buhun gawayi mai kama da tsakin gero, da ƙananan kwalaben da yake gwada ruwa da su, sai ta dafe ƙirji. Ta ce irinsu sak ake samu wurin masu wanke zinariya ba izini. Ka san yadda aka yi da nata ɗan. A mota aka zuba su har iyaka, suka taka da ƙafa zuwa Assamaka, har yau bai dawo ba. An ce jandarma suna bi gida-gida a unguwar da ke bayanmu. Na yi wa ɗanka magana, ya yi dariya, wai Inna wa zai kama mutum don kifi.

Malam, ni ban ga abin dariya ba. Ka kira shi ka ce ya kwashe kayan nan.

Ka huta lafiya.
Matarka, Mansura

Tamanrasset, ranar Alhamis

Zuwa ga maigidana Malam,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata jikin Hajiya da sauƙi. Kada ka karanta wannan a gabanta.

Sun tafi da shi.

Ban san ko takardar farkon ta iso ba. Shekaranjiya aka ce an shiga layin masallaci. Ɗanka yana wurin aiki, Rakiyatu tana lekkol wurin karatu. Na duba kayan nan. Tano ba ya ɓoyuwa, gilashi ba ya ɓoyuwa, amma gawayin da kwalaben na ga zan iya. Da rana tsaka na ɗauki fartanya na haƙa rami bayan turken awaki, na zuba su na rufe, na watsa kashin awaki a kai. Ban ɗaga kai na duba rufin maƙwabta ba. Ban san wanda ya gan ni ba, ba na kuma zargin kowa.

Jiya da hantsi jandarma suka zo. Kayan da ke fili ko kallon kirki ba su yi musu ba, kai tsaye suka nufi turken. Da suka tono buhun, babbansu ya yi tambaya ɗaya: in na kifi ne, me ya sa aka binne? Na buga ƙirji na ce ni ce, amma Larabcina na cefane ne, bai kai ko'ina ba. Ɗanka ya dube ni sau ɗaya, sannan ya ce musu shi ya binne, wai tsohuwa ba ta san kome ba.

Da suka sa shi a mota ban san lokacin da na kira sunansa ba. Ni da tun da na haife shi ban taɓa faɗinsa ba don kunyar ɗan fari, sai ga ni a tsakiyar titi ba mayafi ina cewa Mahamadu, Mahamadu.

Wayar Balaraben ba ta shiga. An ce motocin iyaka ba sa daɗewa ba su tashi ba. Ko takalmin kirki babu a ƙafarsa, silifas ne. Alhaji Abdurrahman mai kanti, da yake shi ne babbanmu a nan, ya ce zai je ya yi magana. Ka sa a yi addu'a. Ban iya sa kome a bakina ba.

Matarka, Mansura

Tamanrasset, ranar Talata

Zuwa ga maigidana Malam,

Ina gaishe ka da Hajiya da kowa da kowa. Ka yi hamdala, ɗanka yana nan.

Alhaji ya yi ta zarya har babban nasu ya yarda a kawo shi gida ya nuna abin da ido. Suka zo da shi ya rame, leɓensa duk ya tsage. Ya durƙusa yana haɗa tiyo, mahaɗi ɗaya ya faɗi ya gangara ƙarƙashin tano. Ni ina bakin madafa ina kallo. Rakiyatu da Talatu da matan layi suka yi ta jido ruwa a bido.

Ya kunna pompo. Shiru. Na ce shi ke nan, an gama da mu. Can sai abin ya yi tari kamar tsohon jaki, ruwa ya hau, ya cika babban akwatin, ya tumbatsa ta hudar, ya gangaro ya ratsa gawayin nan da na binne, ya sake hawa. Wani jandarma ya lashi farin garin da ke wani buhun ya tofar, gishiri ne, 'yan uwansa suka yi ta yi masa dariya.

Kowa ya gamsu, ban da ɗanka. Wai sai an cire kuran ya gani. Na so in yi ihu. Aka cire. Ruwa ya yi ta sauka, ƙaramin akwatin yana cika, yana cika, sai ya tsaya saura faɗin yatsa biyu. Babban ya girgiza kai, ya ce a je a yi kiwon kifi, amma a daina shuka gawayi. Ni ya kalla da ya faɗi haka.

Malam, tun ranar bai ɗaga maganar ba, bai kuma haɗa ido da ni ba. Da ya yi faɗa da ya fi min sauƙi. Yau an sa wa ginin ƙofa, ya kwashe kayan duka, ya naɗe tabarmarsa, wai can zai riƙa kwana yana gadi. Na san ba don ɓarayi ba ne. Ban hana shi ba, da wane bakin?

Da ya kai zaure sai ya tsaya. Ya ɗaga murya yadda zan ji, ya ce wa Rakiyatu ta gaya wa Inna abincin Larabawa ba ya riƙe masa ciki, a riƙa aika masa da tuwo, miyar kuka, yaji da yawa.

Zan tsaya nan, wuta nake so in hura.

Ka huta lafiya.
Matarka, Mansura