Kyandir Ɗin Sunan Jikar Khala Rabi

Daren Alhamis, unguwar Sa'alaba, Jidda

Yau na sha kunya. Khala Rabi, maƙwabciyarmu da ta koya mini haɗa kyandir, ta ce in yi mata guda arba'in da za a raba a sunan jikarta. Tun ranar ta ja mini kunne: "Ya binti, 'yata, ki yawaita kakin zuma. Zafin Jidda ba ya raga wa kaki mai laushi." Ni kuwa na je kasuwar Sharafiyya na sayo kakin waken suya don ya fi riƙe turare, har ina ce mata, "Khala, shi ake yayi yanzu."

Da azahar Yaya Umar ya ɗauke ni zuwa gidan sunan, kwalin kyandir ɗin yana bayan mota. Cunkoso ya riƙe mu kusan awa guda. Da na buɗe a gaban mata, duk sun narke, lagwani ya kwanta, kakin yana ɗiga a kan kafet. Wata ta ce, "Man shafawa aka kawo mana?" Aka kwashe da dariya.

Khala ta ɗauke kwalin ta ce, "Halas, ya isa, laifina ne. Ni na ce a kawo su da tsakar rana."

Wallahi ba ta taɓa faɗin haka ba. Dariyar ba ta ƙona ni kamar wannan ba. Tsohuwa ta yi ƙarya don ta rufa mini asiri, ni kuma na bar ta ta ɗauki laifina.

Gobe ba zan karya ba sai na shiga gidanta na ba ta haƙuri.