Tauraron da Ya Ƙi Mutuwa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki?

Ƙafafun Baba sun kumbura, takalmi ba ya shiga. Likita yana magana ƙasa-ƙasa, kin san ma'anar wannan. Kunnensa ya tafi gaba ɗaya, waya ba ta da amfani, sai takarda. Kujerarsa ta saman bene, inda ya koya mana sunayen taurari, yau wata biyu bai hau ta ba. Ki taho.

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Na ga saƙonka, hankalina ya tashi. Amma shekara uku ina layi kafin a ba ni babban madubin hangen nesa, kuma kwana arba'in kacal aka ba ni. Jan tauraron nan da Baba yake kira Tsoho ya fara dushewa. Idan makamashin tauraro ya ƙare, kumbura yake yi, ya yi ja, sannan ya tarwatse. Wataƙila a idona za a yi. Ka ba shi takardar nan ya karanta, zai gane. Kwana ashirin suka rage.

Yayarka

'Yata,

Allah ya yi miki albarka. Da sauƙi sosai, har na ci abinci. Kada ki bar madubin nan. Ki tsaya wa Tsoho, ki ba ni labari.

Babanki

Yaya,

Sai haƙuri. Na yi alkawarin yin shiru, amma na gaji.

Takardar Baba da kika karanta ranar Talata, shi ya kwana tara a kabari kafin ta iso hannunki. Uku ya rubuta a rana ɗaya, ya rantsar da ni in riƙa aika miki ɗaya duk mako har ki gama. Ke kika koya mini cewa hasken tauraro yakan iso bayan mai shi ya daɗe da mutuwa. To, ga shi kin gani da idonki, malama.

Ina jin haushinki, ba zan ɓoye ba. Ni kaɗai na juya shi, ni kaɗai na wanke shi. Sauran biyun suna cikin aljihun tebur. In aiko?

Auta

Auta,

Tsoho bai mutu ba. Ƙurar da ya fesar ce ta rufe shi, jiya haskensa ya dawo. Ƙila ya ƙara shekara dubu ɗari.

Ina hanya. Kada ka aiko su, kada kuma ka buɗe. A kujerarsa zan karanta.

Yayarka