Na Fita Cikin Takabarka, Malam

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga maigidana, Malam. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji, a kabari mai yalwa da haske, can Damagaram kusa da mahaifinka. Mu nan Vaulx-en-Velin, gefen Lyon a Faransa, lafiya lau muke, sai rashinka. Na san takarda ba ta isa inda kake. Amma akwai abin da ya faru tsakanin ranar da ka cika da ranar da aka rufe akwatinka, kowa ya ji sai kai, alhali kai ya fi shafa. Mata sun yi ta maganarsa. To, ga shi daga bakina.

Na fita cikin takabarka, Malam. Ba marshe na je cefane ba. Paris na je.

Ka san mafarin abin. Kullum in ka sauko daga aikin sito, ka yi azahar, ka ci abinci, sai ka kunna tele don tsohon fim ɗin nan na sufeton ƴan sanda mai lofe da babbar kwat. An yi ta canza mai fitowa a madadinsa, akwai na baƙi da fari, akwai mai kala, kai dai mai jikin nan kake so, wanda in ya hau bene sai ya tsaya ya huta. Da ka ji daga littattafai aka ɗauko labarin, har ka sayo ɗaya tsoho a kasuwar Lahadi. Ba ka gama shi ba. Ka ce, "A takarda ba a jin takunsa." A bakinsa ka koyi Faransancinka, shi ya sa yaran unguwa ke dariya, wai kana magana kamar kakan Bature.

Ni da farko haushi yake ba ni. Ba gudu, ba harbi, kullum ruwan sama, kullum mutum yana zaune yana busa hayaƙi. Na ce maka, mu da muke sauya hanya in mun hango motar ƴan sanda, me ya haɗa mu da sufeto? Ka ce, "Zuwaira, duba da kyau. Ko mai shara aka tarar a mace a ɗakin haya, sai ya cire hula, ya tambayi me ya ci jiya, wa ke gaishe shi." Da na ce ban taɓa ganin baƙin mutum a Paris ɗin nan tasu ba, sai ka yi dariya ka ce, "Ai ba mu iso ba tukuna."

Sai Abba, ɗanmu guda, wanda ka raɗa wa sunan mahaifinka. Tun yana zama kan cinyarka ka koya masa kallo. Kana cewa, "Kada ka saurari bakin mutum, duba hannunsa, duba takalminsa." Kafin a bayyana mai laifi sai ka juya ka ce, "Kai fa, wa ka ce?" In ya ci, ka ja masa kunne don farin ciki.

Ba zan tsawaita kan ranar da ya bar lakwal ɗin koyon aikin lantarki ba. Ka ce kada ya ƙara taka gidan nan sai ya zama mutum. Ya ɗauki jaka. Ya canza lamba. Damina ta wuce, sanyi ya wuce, abin da muka sani kawai, wani ya ce ya gan shi a shagon gyaran waya a unguwar Barbès, can Paris.

Da ka cika a lopital, asibitin nan, Alhaji Mamman, shugaban ƙungiyarmu ta ƴan ƙasa, ya ɗauki nauyin komai, Allah ya saka masa. Ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa ya gaya min an gama takardu, gobe da safe za a yi maka salla a rufe akwati. Ya yi min bayani cewa akwatin mai hawa jirgi liƙe shi ake yi, a buga hatimi, ba mai ƙara buɗewa. Ya ce sun buga waya ko'ina a Paris, ba wanda ya amsa ya san Abba. Ni na san dalili. Duk namijin da ya tambaye shi, zai ɗauka kai ka aiko.

Ke nan in gari ya waye, ɗanka ba zai ƙara ganin fuskarka ba, kuma maganar ƙarshe da zai riƙe daga gare ka ita ce kora.

Hajiya Rabi, maƙwabciyarmu, ta tare ƙofa da jikinta. "Zuwaira, mijinki ko ƙasa bai shiga ba za ki ɗauki jaka? Me za a ce a Damagaram?" Alhaji Mamman ya ce lalura dai lalura ce, amma in kwana a ɗakina ko ta halin ƙaƙa. Na sa baƙin mayafina, na hau metro zuwa tasha, na shiga jirgin ƙasa. Ka san ban taɓa zuwa Paris ni kaɗai ba.

A Barbès na yi wauta, kuma sufetonka ne ya jawo min. Na tuna yadda yake zaro hoto daga aljihu ya ajiye kan tebur. Sai na fito da hoton Abba, ina shiga shago ina fita. Wani Bacadi yana hira da Hausa a waya, ina miƙa masa hoton sai Hausarsa ta ɓace, ya ce da Faransanci bai sani ba. Na gaba ko kallon hoton bai yi ba. Wasu samari biyu na ga sun tashi daga bakin shago sun sulale. Jirgin metro yana wucewa kan gada a sama yana girgiza ƙarfe, mutane suna ture ni, rana tana tafiya, ni kuwa duk inda na nufa sai a watse.

Wata tsohuwa Bakamaruniya mai sayar da kallabi ƙarƙashin gadar metro ce ta ja hannuna. Ta ce, "Baiwar Allah, mayar da hoton nan jaka. Nan wanda ya nuna hoto, daga kumsariya, wajen ƴan sanda, aka aiko shi." Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Yaushe aka yi rashin?" Malam, a nan na fara kuka tun fitata. Ta ce ba ta san yaron ba, amma samarin da ba su da tukunya a gida, fwaye suke zuwa ci a Montreuil, gidajen nan na ma'aikata ƴan Afirka. Ta kwatanta min wanda ya fi cika, ta ce, "In kin je kada ki tambayi kowa. Ki zauna."

A cikin metro maganarka ta dawo min. Kana yawan cewa, "Mutumin nan ba da tambaya yake kama gaskiya ba. Zama yake har mutane su gaji da ɓoyewa." Ni da nake wanke kwano ina jin ku da kunne ɗaya, ashe hoton kawai na ɗauka, na bar zaman.

Zaman nan shi ne abu mafi wuya da na taɓa yi. A kicin ɗin fwaye, ƙasan bene, mata suna kwasar shinkafa da miyar gyaɗa daga manyan tukwane. Na sami benci na zauna. Ido yana kan agogon bango, zuciya tana kan jirgin komawa. Kowane dogon yaro ya shigo sai in ɗaga kai in duba fuskarsa. Na ce a raina, in ba wannan gidan ba ne fa? In ya ci ya tafi? In ya hango ni ya juya?

Babbar mai girkin, wata Bamaliya, ta ajiye min kwano ba tare da na nema ba. Ta ce da Faransancinta irin nawa, "Ci, ƴar'uwa." Na ce ba na iyawa, mijina yana kwance a Lyon, gobe za a rufe. Ban tambaye ta komai ba. Na dai ce muna da ɗa guda, dogo, mai tabo a gira, kuma bai sani ba. Ta ci gaba da juya miya kamar ba ta ji ba. Na jira har na cire rai. Can ta goge hannu a zane ta ce, "Akwai wani mai ban haushi. Kullum sai ya bar min rabin abinci a kwano da ya ji kiɗan fim ɗin tsofaffin nan." Ta nuna bene da ludayi.

Tun daga matakala na ji kiɗan. Rabona da jin sa tun ranar da aka ɗauke ka zuwa lopital.

Ɗaki ne babba, tele a maƙale sama. Dattawa sun cika kujeru, ƴan Mali, ƴan Senegal, wasu da carbi a hannu, ba mai tari. A tele sufeton yana tsaye cikin wani ɗan ɗaki mai gado ɗaya da akwati ɗaya, hula a hannu. A nan na gane abin da ka daɗe kana gaya min. Mutanen nan kowa ɗakinsa haka yake. Kowa yana tsoron ya mutu a ƙasar wasu, ƙofa a rufe, ba mai tambaya. Shi ya sa ba su gajiya da kallon mutumin da yake hawa bene don ya tambaya.

Abba yana can baya, jingine da bango. Ya rame, Malam.

Ka san ban taɓa kiran sunansa na yanka ba, kunyar ɗan fari da ta suruki. Ko "Abba" ɗin ma ban kira ba. Na tsaya kawai a bakin ƙofa. Da ya juyo ya gan ni, na ga ya waiga yana neman wata ƙofar, na ce shi ke nan, zai gudu. Sai ya tsaya. Bai dubi bakina ba. Ya dubi idona ba kwalli. Ya dubi hannuna ba zobe. Ya dubi kunnena, babu ƴan kunnen da ka saya min, waɗanda bai taɓa ganina ba su ba tun da aka haife shi. Kai ka koya masa. Ya zame ƙasa a jikin bangon.

Wani dattijo ya tashi ya kashe tele. Suka ɗaga hannu gaba ɗaya suka yi maka fatiha, mutanen da ba su san ko sunanka ba.

Na kwana a ɗakina, kamar yadda Alhaji ya ce. Da safe ɗanka ya tsaya kanka kafin a rufe, ya cire hularsa, ya daɗe. Shi ya bi jirgin, shi ya shiga kabari ya karɓe ka.

A hanyar komawa Lyon abu ɗaya ya tambaye ni, ko ka yafe masa. Ban yi masa ƙarya ba, na ce ba ka taɓa furtawa ba. Amma na gaya masa abin da na gani da idona. Tun da ya tafi ba ka bar kowa ya zauna kujerarsa ba, kuma kullum in fim ya zo ƙarshe sai ka juya wajenta ka ce, "Kai fa, wa ka ce?" sannan ka tuna, ka yi kamar tari ne ya kama ka. In na tona maka asiri, ka yi haƙuri. Ka yafe min fitar nan ma.

Ya dawo daga Damagaram, yana gida. Ban tambaye shi inda ya kwana duk watannin nan ba, abinci kawai nake zuba masa. Hajiya Rabi har yanzu tana min ƙorafi, amma ita ke kawo masa fura. Jiya da azahar ya kunna tele, na bar kwanoni na zo na zauna. Da aka kusa ƙarshe sai na ga ya juya wajen kujerarka. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Inna, ke fa, wa kika ce?"

Na faɗi wanda nake zato, kuma ban ci ba.

Allah ya jiƙanka, Malam. Allah ya haskaka makwancinka, ya sa ka amsa tambayar kabari cikin sauƙi, ya shirya mana wannan yaro, ya haɗa mu inda ba a rabuwa. Amin.

Ni ce matarka, mai zaman takabarka,
Zuwaira