Rigarka Mai Gishiri Za Ta Koma Gadarif

Zuwa ga Baban Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sanyaya maka makwanci, Ya yalwata maka shi. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana raye ma ba kai za ka karanta ba, ni ce zan karanta maka, kana gyara mini zance kamar kai ne ka yi zaman makarantar Babana. Amma hannuna ya fi sakewa idan ina jin kana kusa, kuma yau akwai wata takarda mai nauyi da ke jirana. Shi ya sa na ce bari in fara da kai.

Zafi ya shigo Jidda, na bakwai ke nan ba ka nan. Unguwar Karantina tana nan yadda ka bar ta. Tun da hantsi kwanon ɗaki yake fara ƙara, iskar teku ta taso da laimar nan da mutanen gari ke kira rutuba, ta manne wa mutum a jiki kamar an shafa masa koko. Ashana ba ta kamawa sai an ƙyasta uku ko huɗu. Gishiri ya dunƙule a gwangwani. Na shanya zane tun jiya da safe, yanzu na taɓa shi, har yau da sauransa. Randar da ka yi ta yabo ita ma tana nan, tana ta tsattsafo a bayanta, ruwan cikinta kuwa ɗumi kamar na wankan jariri. Ka tuna yadda ka rantse randar farko ce ba ta da kyau, ka je ka sayo wannan, ita ma haka? Ba laifin randa ba ne, garin ne ba ya barin komai ya bushe.

Hajara ta sauka lafiya bayan Sallah, namiji, an sa masa sunanka. Ka ga an ɗaure ni ke nan, ba ni da bakin kiransa, sai dai in ce Maigida Ƙarami. Suna unguwar Ammariyya a ɗakin bulo, har da fanka a sama. Kullum tana cewa in tattara in koma wurinta, ni kuma ina kawo mata dalilai marasa kan gado.

Hajiya Dije maƙwabciyarmu ta rasu wata biyu da suka wuce. Ni na zuba mata ruwa wajen wanka. Ita kaɗai ce ta san abin da zan faɗa maka, kuma ta tafi da shi ba ta buɗe baki ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ƙanenka Haruna ya aiko takarda daga Gadarif ta hannun wani ɗan garinmu mai aiki a jirgin ruwa. Noman riɗi bai yi ba bana, ya ce yana so ya zo shi da Saude matarsa, ya kama dako a mina, tashar jiragen ruwa, kamar yadda ka yi. Tambaya ɗaya ya yi mini. Ya ce in gaya masa tsakani da Allah, zafin Jidda ana iya zama da shi? Ya ce shi dai ya san amsar, don har yau yana ajiye da takardunka inda ka ce zafin nan wasan yara ne a wurin wanda ya tashi a Sudan, ga iskar teku tana kaɗawa safe da yamma.

Baban Hajara, wa ya rubuta waɗannan takardu? Kai kake faɗa, ni nake rubutawa. Kana zaune a tabarma ba riga, ƙurajen zafi sun feso maka a baya, gumi yana ɗiga daga haɓarka, kana cewa in rubuta wa Innarku muna cikin ni'ima. Ni ma gumin hannuna yana ɓata tawada, ina dariya ina rubutawa. Ka ce kada hankalin tsohuwa ya tashi. Yanzu ga ƙaryar ta tsallaka teku ta dawo mini, da rubutun hannuna.

Da ƙaryar ce kaɗai, da sauƙi. Sai in ce masa yayanka ya ɗan ƙara gishiri, zafin nan ba irin namu ba ne. Amma ka san Haruna, dariya zai yi, ya ce matar yaya ta tsufa ta zama raguwa. Ba zai ji ba sai na gaya masa yadda ka tafi. Kai ma kanka ban taɓa gaya maka ba.

Ranar Talata ce. Kwana uku kuna sauke siminti daga jirgi. Kullum kakan dawo rigarka sharkaf, idan ta sha iska sai farin gishiri ya fito a baya da hammata, ni kuma in yi ta mita a kan wanki. Ran nan ka shigo ana kiran azahar, tun lokacin tashi bai yi ba, rigarka a bushe ƙayau. Na taɓa wuyanka, zafi kamar bayan tukunya, amma babu ɗigon gumi ko ɗaya. Ka san abin da na yi? Murna na yi. Na ce yau dai an hutar da ni wanki. A raina na ce jikinka ne ya fara sabawa da garin, ya koma irin na gida. A Gadarif ai haka muke yini a rana fata a bushe, iska na shanye gumin tun bai fito ba. Wa ya taɓa gaya mini a nan bushewar fata ita ce alamar mutuwa?

Ka zauna bakin gado, ka tambaye ni ko an gama yankan riɗi a gonar Baba. Shekara tara rabonmu da ganin gona. Na yi dariya, na ce rana ta taɓa ka, kwanta ka huta. Wannan dariyar ita ce ta fi komai ci mini rai. Har yau idan na ji mace ta yi irinta a layi sai gabana ya faɗi.

Sai na yi maka abin da uwata take yi mana idan rana ta bugi mutum. Na jiƙa babban zanena, na naɗe ka da shi tun daga wuya har ƙafa, na cusa gefensa a ƙarƙashinka. Na rufe taga, na ja ƙofa, don kada iskar rana ta shigo. A gida haka ake yi, ɗakin ƙasa ya riƙe sanyinsa, zanen yana bushewa yana janye zafin daga jiki. Na yi shi da kyau, Baban Hajara, ban yi ha'inci ba. Na manta ɗakinmu na kwano ne da katako. Na manta zanen da na shanya tun jiya bai bushe ba. Na rufe ka a ciki kamar yadda ake rufe dambu a madambaci, na ɗauki farantin gyaɗata na tafi gidan Hajiya Dije ƙulli.

Mun daɗe muna ƙulla gyaɗa muna hira. Sai da inuwa ta fara juyawa na kawo zancenka, ina ma alfahari, na ce yau ka dawo ba gumi, na naɗe ka na rufe ɗaki kana barci. Hajiya Dije haifaffiyar Jidda ce, tun kakanta suke nan, kuma ka san ta da ciwon gwiwa, ko tashi ba ta yi sai da dafa bango. Ran nan na ga ta watsar da faranti, ta fita a guje ba takalmi ba mayafi. Tun kafin in kai ƙofarmu na san na yi ɓarna.

Ta bankaɗe taga, ta fizge zanen. Zanen ya yi ɗumi kamar an tsamo shi daga ruwan zafi. Ta ja ka zuwa bakin ƙofa, ta juye maka randa biyu, ta ba ni mafici ta ce in yi ta fifita kada in tsaya. Maza suka ruga neman ƙanƙara, wasu neman mota. Idonka a buɗe yake amma ba ni kake kallo ba. Na yi ta fifita har hannuna ya mutu. Kafin mota ta shigo lungunmu, ana kiran la'asar, ka cika.

Da mutane suka taru, Hajiya Dije ta ce rana ce ta buge ka a mina, ka iso gida ke nan rai ya yi halinsa. Ta ɗauke zanen ta kai gidanta, ban sake ganinsa ba. Sau ɗaya na so in tayar da maganar bayan na fita takaba, ta ɗora hannunta a bakina, ta ce kwana ne ya ƙare, halas, magana ta ƙare. Na san kwana ne. Na yi imani ba a ƙara wa kowa numfashi ɗaya a kan abin da aka rubuta masa. Amma ni ce na rufe tagar.

Ka ji ni lokacin da nake jan ƙofa? Ka yi ƙoƙarin kwance zanen ka kasa, don na cusa shi da kyau? Ka kira ni? Tsakaninmu da gidan Hajiya Dije katanga ɗaya ce ta langa-langa, ko tari ka yi muna ji. Ban ji komai ba, ko kuwa surutuna ne ya hana ni ji? Shekara bakwai ina wannan tambaya, kuma wanda zai amsa ba ya amsawa.

Tun daga ranar ban sake rufe tagar nan ba, ko ana ruwa, ko ana sanyi. Hajara tana tsammanin tsufa ne. Idan mijinta ya kawo ta, sai in sami dalilin da zan kai hannu kusa da wuyan jaririn, in ji ko da gumi. A layin famfo idona yana kan bayan rigunan mutane. Wanda na ga ya jiƙe sai in ji sanyi a raina, har an fara cewa ina da kallon mutane.

Akwai kuma rigarka. Ba ta ranar ba, wannan an bayar sadaka. Ta ranar Litinin nake nufi, wadda ka rataye a ƙusa bayan ƙofa, na ce sai an sami ruwa zan wanke. Tana nan a ƙusar da gishirinta. Lokacin sanyi takan bushe ta yi tauri. Amma da zarar zafi ya shigo, rutuba ta sauko, sai in taɓa ta in ji ta jiƙe a baya da hammata, daidai inda kake jiƙa ta. Na sani gishirin ne ke jan laima, ba sai an gaya mini ba, haka na gwangwani yake yi. Duk da haka idan ana kiran azahar nakan kasa juya wa ƙofar baya. Sai in ji kamar yanzu ka shigo ka tuɓe, kana bayana kana jiran in miƙo ruwa. Ita ce ta hana ni komawa Ammariyya. Yaya zan rataye ta a ƙarƙashin fankar Hajara, in ce mata mene ne?

Ka san yadda ake karanta takarda a gidanku. Haruna zai zauna a tsakar gida bayan la'asar, Inna a kan buzunta, kowa ya kewaye, ya karanta da ƙarfi tun daga sallama har sa hannu. Inna, wadda duk shekara take aiko mini da kuɓewa busasshiya da gaisuwa, tana kirana 'yar albarka da ta riƙe mata ɗa a baƙon wuri har ƙarshensa. Idan na rubuta gaskiya, da kunnenta za ta ji. Wataƙila ba za ta sake ambaton sunana ba, kuma ba zan ga laifinta ba. Tsoron wannan nake ji, ba zan ɓoye maka ba.

Na yi kwana huɗu ina neman hanyar da zan bi in tsira da mutuncina. Na ce ko in rubuta masa kawai kada ya zo. Zai zo, don yunwa ta fi takardata ƙarfi. Na ce ko in bari sai sun iso in ja Saude gefe. To idan ban kai lokacin ba fa? Hajiya Dije ma da ƙafarta ta shiga ɗaki ta kwanta. Saude 'yar unguwarmu ce ta Gadarif, abin da uwata ta koya mini shi uwarta ta koya mata. Ranar da Haruna zai shigo mata da riga a bushe, murna za ta yi, ta tashi ta jiƙa zane.

Don haka zan rubuta. Zan ce masa zafin Jidda ana zama da shi, ga mu nan muna zaune, amma ba a yi masa dabarar gida. Zan ce idan gumi ya tsaya a jikin mutum a fito da shi inuwa, a buɗe ko'ina, a yi ta zuba ruwa ana fifita, a nemi ƙanƙara da mota tun yana magana. Sannan zan faɗi yadda aka yi na sani, ba zan rage komai ba, har dariyar. Ka yafe mini tona ƙaryarmu ta takardu. Sauran kuwa ban san ko ina da bakin roƙonka ba, amma ina roƙo.

Ɗan garinmu mai aikin jirgin zai zo karɓar amsa gobe da hantsi. Na sauke rigarka daga ƙusa ɗazu, na ninke ta ban wanke ba, zan haɗa masa da takardar ya kai wa Inna. Haruna ya ga gishirin da idonsa, ya san abin da mina take cirewa daga jikin mutum a yini ɗaya. Tana kan cinyata yanzu, har ta ɗan jiƙa mini zane. A Gadarif za ta bushe tun kafin a gama karanta takardar, kuma ba za ta sake jiƙewa ba.

Ka huta lafiya, Baban Hajara. Allah Ya kai maka iska mai sanyi inda kake, Ya haɗa mu a inuwar da ba ta gushewa. Tagar tana nan a buɗe.

Ni ce matarka,
Rakiya, daga ɗakinmu na Karantina